In Ce Wa? Lambar Waya da Sunan Mai Ita

A al'adar Bahaushe baƙo ba ya afka wa gida kai tsaye. Ya kan tsaya a zaure ya yi sallama, yaro ya fito ya tambaya, "In ce wa?" Wayar salula, wadda ta bazu a Nijeriya daga 2001, ta rushe wannan zaure. Lambobi 11 kurum ke bayyana, mai su kuwa ya riga ya shigo har ɗaka. Don haka ban ga laifin mai son sanin wanda ya kira shi ba. Inda na ke da ja shi ne hanyar da mu ke bi.

Da can a kan gane kamfani daga farkon lamba, wato 0803 na MTN, 0805 na Glo, amma tun 2013 da aka ba da damar ƙaura da lamba wannan ma ya daina zama tabbas. An soma rajistar layuka a 2011, kana a Disamba 2020 aka umarci kowa ya haɗa layinsa da lambar shaidar ɗan ƙasa. Sai dai waɗannan sunaye suna hannun kamfanoni da hukuma, ba a buɗe wa kowa su.

Nan ne jama'a su ka koma ga Truecaller, manhajar da aka ƙirƙiro a Suwidin a 2009. To, ina ta samo sunayen? Mafi yawansu daga wayoyin masu amfani da ita aka tattaro su. Ashe ke nan sunan da ya bayyana sau da yawa ba na yanka ba ne, laƙabi ne da wani ya adana. Mu ɗaliban Hausa mun san nauyin wannan. Matar da alkunya ta hana ta ambaton sunan mijinta "Maigida" za ta rubuta, uwa kuma ta sakaya sunan ɗan farinta. Wani ko, don haushi, sai ya rubuta "Mai Cin Bashi" ko "Bazawara". Abin da aka raɗa a asirce sai ga shi a gaban baƙo, alhali mai lambar ba a taɓa neman yardarsa ba. Ko hukumar NITDA sai da ta buɗe bincike a kan kamfanin a 2019.

Wataƙila mai karatu ya ce ai manhajar tana tona asirin 'yan damfara. Haka ne, ban musa ba. Amma ɗan damfara ma yana da ita, da ita kuma ya ke kiran dattijo da sunansa har ya saki jiki.

A ganina, nauyin bayyana kai yana wuyan mai kira. In ba a ɗauka ba, ya aika da saƙo ya ce, "Ni ne wane, daga wuri kaza." Wanda aka kira kuwa, muddin bai ji wannan ba, kada ya faɗi sunansa, balle lambar asusunsa na banki.