Inshorar mota da raunin da ba ya zubar da jini

Duk ranar Alhamis, hanyar Gumel zuwa Maigatari cika take da motocin dabbobi da na fasinja, saboda kasuwar nan ta kan iyaka da ke tara fatake daga Nijeriya da Nijar. A irin wannan rana ce, a 2024, motar haya ta kife da wani ɗan ƙanena yana dawowa daga cin kasuwa. Ya karye a hannu, wanda ke zaune kusa da shi kuwa nan take ya cika. Karaya ta warke cikin 'yan watanni, amma yaron bai dawo yadda yake ba. Barci ya ƙaurace masa, ƙarar birki na sa shi kyarma, har ta kai ya bar fatauci domin ba ya iya shiga mota.

Aka yi sa'a takardar inshorar motar ta gaskiya ce, abin da ba kasafai ake dacewa da shi ba. Bayan doguwar zirga-zirga kamfanin ya biya kuɗin ɗauri. Da aka gabatar da takardun likitan ƙwaƙwalwa kuwa, sai jami'in ya nuna kalmomi biyu a yarjejeniyar, ya ce alhakinsu ya tsaya ne ga mutuwa ko “raunin jiki”.

To, a nan gizo ke saƙar. A matsayina na ɗalibin harshe, na san yadda kalma guda ke iya zama katanga. Wannan lafazi gado ne daga dokar inshorar motoci ta 1945, wadda Turawan mulki suka kafa tun kafin likitoci su ba wannan ciwo suna. Sai a 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa shi cikin kundinta a matsayin cuta mai zaman kanta. Ko a Ingila, inda muka kwafo dokar, fahimta ta daɗe da sauyawa. A shari'ar Page da Smith ta 1995, kotun ƙolin ƙasar ta wancan lokaci ta yanke cewa wanda haɗarin mota ya rutsa da shi na iya neman diyyar ciwon ƙwaƙwalwa, ko da ƙwarzane bai samu ba. Ina dalilin da zai sa mu riƙe fassarar da masu ita suka sassauta? Wai shin ƙwaƙwalwa ba a cikin jiki take ba?

Sai dai kada mu ɗora wa Turanci laifin duka, Hausarmu ma na da nata kason. Muna da firgita, da razana, da kaɗuwa, da ɗimuwa, kalmomi masu kyau, amma dukkansu muna ɗaukarsu abu ne mai wucewa da an sha ruwa an yi addu'a. Daga nan sai mu tsallaka zuwa taɓin hankali ko hauka, waɗanda babu iyalin da ke son a jingina wa ɗansu, balle 'yarsu da ke jiran aure. Tsakanin waɗannan biyu akwai fili mai faɗi da ba mu raɗa wa suna ba, kuma a cikinsa yaron nan yake. Abin da ba shi da suna, da wuya a rubuta shi a takardar neman haƙƙi. Na ji da kunnena wani dattijo na cewa yaron ya gode wa Allah da ya tsira da ransa, ya daina raki. Godiya wajibi ce, amma ba ta hana neman magani.

Abin mamaki shi ne, malamanmu na fiƙihu sun riga kamfanonin inshora gane wannan. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Gumel da Sule Tankarkar, an ƙidaya gushewar hankali cikin abubuwan da ke wajabta cikakkiyar diyya, daidai da ji da gani. Na san gushewar hankali ɗungurungum daban take da ciwon da muke magana a kai, amma asalin ya tabbata: hankali abu ne da ake iya yi wa lahani, kuma lahaninsa na da farashi. Kamfanonin takaful, da suka fara samun lasisi a 2016 da sunan bin tsarin Musulunci, su ya kamata su fara rubuta wannan ɓaro-ɓaro a yarjejeniyoyinsu.

Masu inshora za su ce ciwon da ba a gani a hoton ƙashi yana da sauƙin ƙirƙira. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma maganinta rahoton ƙwararren likita ne, da iyakance adadin da za a biya. Ba hujja ba ce ta rufe ƙofa gaba ɗaya, musamman ganin tun Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗin inshorar ƙaramar motar gida daga Naira 5,000 zuwa 15,000, kuma daga Fabrairun 2025 'yan sanda suka tsananta binciken takardar a kan hanya. An kuma sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2023, wadda ta kori tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, sannan ga sabuwar dokar gyaran harkar inshora ta 2025. Abin da ya rage wa NAICOM shi ne ta fitar da umarni guda da zai fayyace cewa rauni ya haɗa da ciwon ƙwaƙwalwar da likita ya tabbatar.

Gwamnatin Jigawa ma na da aiki. Bayan fashewar tankar mai a Majiya a Oktoban 2024, wadda ta ci fiye da mutum 150, an yi ƙoƙari wajen jinyar ƙuna, amma waɗanda suka ga abin da idonsu na buƙatar kulawar da za ta ɗauki shekaru. Mutumin Gagarawa ko Maigatari da ke neman likitan ƙwaƙwalwa, galibi sai ya nufi Kazaure ko Kano. Idan aka horar da ma'aikatan jinya a babban asibitin Gumel, aka ware ranar da ƙwararre zai riƙa zuwa duk wata, an rage wa marasa lafiya kuɗin mota, an kuma sauƙaƙa samun rahoton da kamfanoni ke nema.

Shi ɗan ƙanen nawa, sau uku aka kai shi Kano, kowace tafiya sai an yi kwanaki ana lallashinsa kafin ya yarda ya shiga mota. Kuɗin kuwa, awakin mahaifiyarsa biyu aka sayar a kasuwar Maigatari aka biya.