Zaɓen Na'urar Karanta Maikurofim Domin Amfanin Jama'a

Tsofaffin rahotannin haraji na gundumomi, da bayanan iyakokin ƙasa, da jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda aka fara bugawa a 1939, duk takardunsu suna rubewa. Saboda haka gidajen adana tarihi kan ɗauki hotonsu a kan siririn fim da ake kira maikurofim. Fim na poliyesta yana iya kai shekara 500 idan an ajiye shi wuri mai sanyi marar danshi, amma ba ya karantuwa sai da na'ura.

A ganinmu, hukumar da za ta sayi wannan na'ura ta fara duba wanda zai zauna gabanta. Dagacin da ya zo neman hujja kan rikicin iyaka ba masanin kwamfuta ba ne. Ana bukatar na'ura mai sauƙin ɗora fim, wadda ke karɓar naɗi mai faɗin milimita 35 da na 16, kuma tana ƙara girman rubutu har a iya karanta ajami da wasullansa. Ta kuma iya mayar da shafi zuwa kwamfuta domin a buga wa mai bincike kwafi, fim ɗin ya huta da yawan murzawa.

Arha a nan tana da haɗari. Tsohuwar na'urar da aka daina ƙera kayan gyaranta, ranar da ƙwanta ya mutu sai a rufe ta da ƙyalle. Ya kamata kwangilar ta haɗa da horar da ma'aikata, da na'urar daidaita wutar lantarki, da murfin kare gilashi daga ƙurar hunturu.