Sankarar Bakin Mahaifa: Allura Ta Iso Katagum, Saura Gwaji

Ran 24 ga Oktoba, 2023, Gwamnatin Tarayya ta soma yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa, Jihar Bauchi kuwa tana cikin sahun farko. Wannan abin yabo ne. Amma fa allurar ta 'ya'ya ce, ba ta warkar da iyayensu mata waɗanda ƙwayar cutar ta riga ta shiga jikinsu.

Bisa ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin 2020 mata wajen 12,000 suka kamu a Nijeriya, wajen 8,000 suka rasu.

Asalin ciwon wata ƙwayar cuta ce, HPV. Wani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya gano haka, har aka ba shi lambar Nobel a 2008. Iri biyu, na 16 da na 18, su ke haddasa kashi 70 cikin ɗari. In ƙwayar ta daɗe a jiki, sai ta lalata waɗansu ƙwayoyin halitta masu tsawata wa nama kada ya yi tofon banza. Wannan ɓarna takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara, mace ba ta jin kome.

To, a nan amfanin gwaji yake. A da sai a shafa ruwan khal a duba da ido. Tun 2021 Hukumar ta ce a fifita gwajin da ke neman ƙwayoyin halittar cutar kanta, tun nama bai ɓaci ba. Mace tana iya ɗibar samfurin da hannunta, abin da zai rage kunya, ya kwantar wa mazaje hankali. Burin Hukumar shi ne kafin 2030 a gwada kashi 70 na mata, a shekara 35 da kuma 45.

Azare tana da babban asibitin Tarayya, ga Jami'ar Kimiyyar Lafiya da aka kafa a 2021. Amma matar Gamawa ko Zaki ba ta zuwa sai jini ya ƙi tsayawa. Ya kamata a kai gwajin ɗakunan awon ciki na ƙauyuka, kyauta, a kuma tanadi magani ga wadda aka samu, don gwajin da ba magani tayar da hankali ne kawai. Jita-jitar da ta tsai da allurar shan inna a Arewa cikin 2003 ta isa darasi: a fara da fadar Sarkin Katagum da limamai da ungozomai. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.