Me ake wankewa a wankan sauti?

A biranen Amurka da na Turai mutane kan biya kuɗi su shiga wani ɗaki mai duhu-duhu, su miƙe bisa shimfiɗa, su lulluɓa, su rufe ido. Wani ya zauna a tsakiya da tasoshin tagulla ko na ƙarau, yana bugun su a hankali ko yana zagaya bakinsu da sanda, har su ɗauki wani dogon amo mai tashi yana sauka. Kusan awa guda ake yi a haka, ba magana, ba motsi. Faransawa na kiran wannan zama bain sonore, wanda idan aka bi shi kalma da kalma sai ya fito wankan sauti.

Babu abin musu game da hutun. Wanda ya kwanta awa guda ba waya a hannu, ba mai kiransa, kunnensa na bin amo guda, zai tashi da sauƙin rai. A 2017 Tamara Goldsby da abokan aikinta na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego sun buga sakamakon wani bincike kan mutum 62, waɗanda suka ce damuwa da fushi da gajiya sun ragu bayan zaman. Sai dai ba a kwantar da wani rukuni cikin shiru don a gwada ba, saboda haka binciken bai raba aikin tasa da aikin kwanciya ba.

Inda ɗalibin kimiyyar harshe ke da ta cewa shi ne sunan. Wanka a Hausa ba jiƙa jiki kawai ba ne. Akwai wankan janaba, akwai wankan jego, akwai wankan gawa, kuma kowanne yana ɗauke da ma'anar fitar da wani abu daga jiki ko fitar da mutum daga wani hali zuwa wani. Duk wanda ya ce wankan sauti ya riga ya yi da'awa biyu tun bai kawo hujja ba: cewa akwai dauɗa a jikin mai sauraro, kuma sauti na iya tafiya da ita. Daga nan masu talla ke ɗorawa, su ce amon tasa na fitar da guba, yana daidaita ƙwayoyin jiki, tunda wai jiki ruwa ne kuma ruwa na amsa kaɗawa. Gaskiya ne kusan kashi 60 cikin ɗari na jikin baligi ruwa ne. Amma wannan hujja da su take faɗa, domin sautin da ya taso ta iska ya tarar da ruwa, kusan dukkansa komawa yake yi, abin da ke ratsawa bai wuce kashi ɗaya cikin dubu ba. Shi ya sa kunne ke da ƴan ƙasusuwa uku a tsakiyarsa masu ƙarfafa kaɗawar kafin ta kai ruwan kunnen ciki. Fata da hanta ba su da irin waɗannan ƙasusuwa.

Haka kuma lambobin. Ana sayar da tasar da aka ce tana kaɗawa sau 432 a sakan, wai shi ne amon halitta, saɓanin 440 da aka tsaida a 1939 a Landan a matsayin ma'aunin ɗaure kayan kiɗa. Duk wanda ya taɓa buɗe Praat ya auna karin sautin Hausa ya san abin da irin wannan lamba ke nufi: ƙidaya ce ta yawan kaɗawa, kamar yadda tantanin maƙwallaton namiji ke kaɗawa wajen sau 120 a sakan, na mace wajen 200. Shi kuwa sakan ɗin mutane ne suka yanka shi, bisa lissafin sittin-sittin da aka gada daga Babila. Da an yanka shi dabam, da 432 ya zama wata lamba. Ko wannan amo mai tashi da sauka, wanda ake cewa numfashin tasa ne, bayaninsa a fili yake: sauti biyu masu kusancin ƙidaya, misali 220 da 223, idan suka haɗu sai ƙarfinsu ya riƙa hawa yana sauka sau uku a sakan.

Sai sunan Tibet da ake liƙa wa tasoshin. Mafi yawansu a Nepal da arewacin Indiya ake ƙera su, kuma wasu marubuta ƴan Tibet sun fito sun ce ba su san su a ibadarsu ba. Sunan ya kama a Yamma ne bayan faifan Tibetan Bells na Henry Wolff da Nancy Hennings a 1972. Ɗaya daga shahararrun wuraren wannan zama kuwa, ginin Integratron da ke Landers cikin hamadar Kalifoniya, George Van Tassel ne ya soma gina shi a shekarun 1950, yana cewa baƙi daga duniyar Zuhura suka ba shi fasalin, kuma zai maida tsoho yaro. Ya rasu a 1978 bai ƙarasa ba.

Wani zai ce ina ruwan mutum da suna, tunda masu zuwa na samun barci. Ruwansa shi ne suna na tafiya inda bayani ba ya zuwa. Mai hawan jini ko mai ciwon damuwa da ya ji ana wanke cuta da sauti yana iya ajiye maganinsa, kuma mai ƙarar kunne da aka buga wa ƙaton farantin ƙarfe kusa da kai ba hutu zai samu ba. Ranar da wannan harka za ta shigo shirin lafiya na rediyo a Maraɗi ko Damagaram, mai fassara ne zai yanke hukuncin ko alƙawarin zai biyo ta. Yana iya cewa hutun sauraro, ko kwanciyar sauraren tasa. Ba su da daɗin talla, kuma da wuya wani ya biya kuɗi mai yawa dominsu, amma ba su ce an wanke kowa ba.