Tauraruwa Mai Wutsiya da Ƙurar Zinariyar Zamfara

A ranar 12 ga Nuwamba 2014, wata 'yar na'ura mai suna Philae ta sauka a kan tauraruwa mai wutsiya da masana ke kira 67P, abin da ɗan Adam bai taɓa yi ba. Kumbon Rosetta na Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Turai ne ya kai ta, bayan tafiyar shekara goma da ta zarce kilomita biliyan 6. Ɗalibai sukan tambaya: ina ruwan mutumin Anka da wannan? A ganina, ruwansa ne ƙwarai.

Tambayar da ta kai Rosetta can ita ce: me ke cikin wannan ƙura? Tauraruwa mai wutsiya dunƙulen ƙanƙara ce da ƙura, saura daga lokacin da duniyoyi suka fara haɗuwa. Rosetta ya kewaya ta har zuwa Satumban 2016, ya kuma gano fosfaras da gilaisin a cikin iskar da ke fita daga jikinta. Gilaisin ɗaya ne daga cikin tubalan da ake gina furotin da su, a jikina da jikinka.

To, wannan tambaya ce aka makara wajen yi a gida. A 2010 aka gano cewa duwatsun zinariya da ake daka a cikin gidaje a Dareta da Bagega ta Anka, da 'Yargalma ta Bukkuyum, cike suke da dalma. Yara suka shaƙi ƙurar, suka haɗiye ta a tuwo da hannu, sama da 400 suka rasu. Rashin sani ya fi dare duhu. Masu binciken da suka zo sun auna ƙasar tsakar gida da ƙaramar na'ura mai haska hasken eksire, wadda ke bayyana ƙarafan da ke ɓoye. 'Yar'uwar wannan na'ura aka ɗora wa Philae. Ashe ilimin ɗaya ne.

Saboda haka nake kira ga malamai a Anka da Gummi da Bukkuyum: kada a mayar da kimiyya hadda. A koya wa ɗalibi ya ɗebo ƙasar garinsu da ruwan rijiyarsu, ya tambayi abin da ke ciki. Hukumomi kuma su wadata makarantu da kayan gwaji, domin ɗakin gwaji ya fi gadon asibiti araha.