Wasiƙa Zuwa ga Masu Turka Shanu a Lamadji

Iyayena da yayyena masu kiwon turke.

Duk sanda sa ya kwanta yana tuƙa yana gyatsa, wata iska ce ke fita daga tumbinsa, masana na kiranta mitan. Tana cikin iskokin da ke ƙara wa duniya zafi, shi ya sa a taron Gilasgo na 2021 ƙasashe fiye da 100 suka yi alkawarin rage ta da kashi 30 cikin ɗari kafin 2030. Amma ni abin da ya fi damuna aljihunku ne. Kashi 2 zuwa 12 cikin ɗari na ƙarfin abincin da dabba ta ci yana salwanta ta wannan gyatsa. Dusa da harawar da kuka saya da tsada a tsakiyar rani ke nan ke bin iska.

Man tsirrai yana rage wannan asara, domin yana danne ƙwayoyin halittar da ke haɗa iskar a tumbi. Ba kuma sai kun nemo shi daga Turai ba. Yana cikin angurya, wadda wajen kashi ɗaya cikin biyar nata mai ne. Yana cikin tunkuzar gyaɗa da ta riɗi, musamman wadda mata suka matse da hannu, don ta fi ta inji ragowar mai.

Sai dai don Allah a auna. San da ke cin kilo 10 na busasshen abinci a yini, kada man da ke ciki gaba ɗaya ya wuce giram 600, har da wanda ke cikin dusa tun asali. In aka zarce, tumbi ya kasa narkar da kara da ciyawa, dabba ta rage ci, ga zawo. Kada kowa ya ɗauki galan na man girki ya tuttula a kan dusa. Mutanen gida sun fi buƙatarsa. A fara ba da angurya ko tunkuza kaɗan kaɗan, a riƙa ƙarawa cikin mako biyu.

Ɗan maraƙin da bai fara tuƙa ba, a nisanta shi da angurya, akwai guba a cikinta da tumbin babba kaɗai ke iya shanyewa. Tunkuzar da ta yi funfuna kuwa a zubar, ko da an saye ta da tsada, domin dafinta na bi ta nono ya kai ga yaranmu. Wanda yake da shanu da yawa, ya daure ya je cibiyar binciken dabbobi ta Farsha, ya nemi shawarar likitocin dabbobi kan haɗin da yake bayarwa tun kafin ya ɗaure na Babbar Sallah.

Naku, mai yi muku fatan kasuwa mai albarka.