Kyamarar Mota Shaida Ce, Amma Wa Ya Haɗa Mata Wuta?

Duk ɗalibin da ke hawa motar haya zuwa Ikara, Maƙarfi ko Hunkuyi ya san yadda rigimar hanya take ƙarewa. A gogi mota a Tashar Yari, kowa ya fito yana rantsuwa, a ƙarshe mai ƙarfin murya ya yi nasara. Shi ya sa nake goyon bayan direbobin da ke manna ƙaramar kyamara a gilashin gaba. Shaida ce wadda ba ta da dangi, ba ta karɓar na goro. Inda nake da ja shi ne yadda ake haɗa mata wuta.

Ga lissafin a taƙaice. Batirin ƙaramar mota bolt 12 ne, in inji na aiki ya haura wajen 14. Manyan motocin da ke kwasar rake da tumatir a yankinmu galibi 24 ne. Ita kuwa kyamarar, yawanci bolt 5 take so, kamar wayar hannu. Wannan ɗan kan da ake cusawa a ramin kunna sigari, aikinsa ke nan: ya sauke wutar zuwa 5. Wanda ya yanke shi ya jona waya kai tsaye don wai "ya fi kyan gani", ya gama da kyamararsa nan take.

Wannan ma asarar kuɗi ce kawai. Babbar matsalar ita ce a fere waya a ƙarƙashin sitiyari, a murɗa wata a kai, a naɗe da baƙin salatif, babu fis. Batirin da ke tayar da inji yana iya sakin ɗaruruwan amfiya a lokaci guda. Ranar da gargadar hanya ta goge robar wayar ta taɓa ƙarfen mota, siririyar wayar nan za ta yi ja kamar garwashi a bayan roba da soso. Fis ɗin da zai tsinke ya hana wannan bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba. Mu kuma mu ne a cushe a baya, mutum huɗu a kujerar mutum uku.

Direba zai ce, "Malam, shekara nawa muna haka ba abin da ya faru?" Gaskiya ne, kuma ban raina masu rewaya ba, da yawansu sun fi mu sanin mota nesa ba kusa ba. Amma rashin faruwa jiya ba hujja ba ce ga gobe, kuma rigakafi ya fi magani.

Hanyar da ta dace ba ta da wuya. Mafi sauƙi, a yi amfani da ramin sigari da caja mai inganci. In ana son ɓoye waya, a ɗauko wuta daga akwatin fis, a layin da ke mutuwa idan an zare makulli, a sa mata ƙaramin fis nata, a ɗaure wayar ƙasa a jikin ƙarfe da noti. Kada a jona da layin jakar iska, kada kuma waya ta gitta ta gabanta. Mai son kyamara ta kwana tana gadi, ya nemi na'urar da ke yanke wuta idan batir ya sauka kusa da bolt 12, in ba haka ba da asuba sai turi. Sannan zafin Maris da Afrilu yana kumbura ƙaramin batirin cikin kyamara, don haka mai kafasita ta fi dacewa da garinmu.

Abin da ke ba ni haushi, duk wannan mun karanta shi tun shekarar farko, mun rubuta a jarrabawa, mun ajiye a littafi. Ina kira ga ƙungiyar ɗalibai ta haɗa kai da sashen lantarki da shugabannin tasha, a ware Asabar ɗaya a kowane zango. Mu ɗauki mita da fis, mu je tashoshin Ikara, Maƙarfi da Kudan, mu duba wayoyi kyauta tare da masu rewaya, mu koya musu, su koya mana. Difloma da ba ta iya hana motar garinku kamawa da wuta, ina amfaninta?